BABI NA UKU: TSARA UWAR GARKE MAI TSARO DOMIN AIKA BAYANAN MANOMA A YANKIN FUNTUWA DA MALUMFASHI

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an kawo taƙaitaccen tarihin yankin da wannan bincike ya shafa, an kuma bayyana ire-iren takardun da malaman gona da ƙungiyoyin manoma suke tarawa a kowace damina. Shi kuwa wannan babi zai yi bayani ne a kan yadda ake tsara kwamfutar da za ta riƙa karɓar waɗannan takardu ta intanet daga garuruwa irin su Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume, ta adana su wuri guda, ba tare da wani ya karanta su ko ya sauya su a kan hanya ba.

Kafin a shiga bayani ya kamata a daidaita kalmomin da za a yi amfani da su, domin ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990, ya fi mayar da hankali ne ga nazarin harshe da adabi. A nan, "uwar garke" ita ce kwamfutar da take zaune a kunne dare da rana tana jiran sauran kwamfutoci su kawo ajiya ko su zo ɗauka. "Ƙa'idar sadarwa" ita ce yarjejeniyar da kwamfutoci biyu suke bi wajen magana da juna, watau wa zai fara, me zai ce, me za a amsa masa. "Ƙofa" lamba ce da take nuna wa saƙo sashen da zai nufa a cikin uwar garke. Kalmar "zaurance" kuma an aro ta ne daga salon maganar da yara da matasa kan yi, domin ta tsaya a madadin juya rubutu ta yadda ba mai gane shi sai wanda ya san sirrin juyin. Mai wannan nazari ya fifita ta a kan "ɓoyewa", saboda saƙon da aka zaurance kowa yana iya ganin wucewarsa, fahimtarsa ce kawai take gagara. Sunayen manhajoji da umarnin da ake rubuta wa kwamfuta an bar su yadda suke, domin na'ura ba ta karɓar fassara.

3.1 Abin da Ake Ƙoƙarin Karewa

Tara bayanan manoma ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Tun zamanin da kamfanin BCGA, wanda mutanen Funtuwa suke kira Bisije, ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, akwai malaman da aikinsu shi ne rubuta nauyin audugar da aka saya da kuɗin da aka biya. A 1975 aka fara shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, wanda yana cikin ukun farko a Nijeriya tare da na Gusau da Gombe. Bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, hukumar KTARDA ce ta ci gaba da aikin, kuma Funtuwa tana cikin shiyyoyinta. A duk tsawon wannan lokaci bayanai a takarda suke, a cikin kabad, wanda yake son ya sace su sai ya fasa ofis.

Abin ya fara sauyawa daga 2012, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta soma rabon taki ta wayar hannu a zamanin Ministan Aikin Gona Akinwumi Adesina, sai kuma shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a Jihar Kebbi a watan Nuwamba 2015. Daga nan ne jerin sunayen manoma ya koma fayil a kwamfuta. Irin wannan fayil yakan ƙunshi sunan manomi da ƙauyensa da lambar wayarsa da lambar BVN da ta katin ɗan ƙasa da faɗin gonarsa da adadin buhunan da ya karɓa, wani lokaci har da hotonsa.

Haɗarin da yake tattare da shi iri biyu ne. Na farko shi ne ya faɗa hannun wanda bai kamata ba. Ɗan damfara da ya riƙe suna da lambar waya da BVN na mutum, in ya kira shi ya ce daga banki ne, da wuya manomin ya yi shakka, domin ga shi an karanto masa abin da ya ɗauka banki kaɗai ya sani. Abin da ya fi wannan muni kuwa, a yankin da ya haɗa iyaka da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda garkuwa da mutane ta yi ƙamari har aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba 2020, takardar da ta nuna wane ne mai gona mafi faɗi a ƙauye kaza, da ranar da kuɗi zai shiga hannunsa, ta wuce a kira ta takardar ofis kawai. Haɗari na biyu shi ne a sauya abin da ke ciki: a cire suna, a cusa wani, ko a mayar da buhu biyar ya koma biyu, kuma a rasa wanda za a tuhuma domin ba a san hannu nawa fayil ɗin ya ratsa ba.

Doka ma ta shigo cikin maganar. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane nauyin kare su, ta kuma wajabta masa sanar da hukumar NDPC cikin sa'a 72 idan aka samu ɓaraka mai iya cutar da masu bayanan. Dokar ba ta keɓe ƙungiyar manoma don ƙanƙantarta ba.

Idan aka duba hanyoyin da aka saba bi, za a ga kowace da inda ta gaza. Filashi yakan ɓace a aljihu ko a motar haya, kuma yakan kwaso cuta daga shagon buga takardu. WhatsApp yana zaurance saƙo a kan hanya tun 2016, amma da zarar an tura fayil cikin zaure mai mutum arba'in, an samu kwafi arba'in a wayoyi arba'in, kuma babu mai ikon janye shi daga wanda ya riga ya adana. Wannan ne ya sa ake buƙatar rumbu guda, mai ƙofa guda, wanda yake rubuta sunan duk wanda ya shiga.

3.2 Daga FTP zuwa SFTP

Ƙa'idar aika fayil mafi tsufa ita ce FTP. Abhay Bhushan ne ya fara rubuta ta a 1971, sannan Jon Postel da Joyce Reynolds suka fitar da sigar da ta zauna a 1985. An tsara ta ne a lokacin da masu amfani da hanyar sadarwar ba su wuce jami'o'i da cibiyoyin bincike na Amurka da 'yan wasu wurare ba, saboda haka ba a yi tanadin ɓarawo ba. Sunan mai shiga da kalmar sirrinsa da abin da ke cikin fayil duk a fili suke tafiya, kamar wasiƙar da aka ba yaron mota ba ambulan. Bugu da ƙari, tana amfani da ƙofa ta 21 domin umarni, sannan ta buɗe wata ƙofa dabam domin kayan, abin da yake wahalar da mai gadi. Manhajojin shiga intanet na Chrome da Firefox duk sun daina karɓarta a 2021.

A 1995 wani mai bincike a Jami'ar Fasaha ta Helsinki a ƙasar Finlan, mai suna Tatu Ylönen, ya rubuta ƙa'idar SSH bayan an gano ana tsintar kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'arsu. SSH tana zaurance duk abin da ya ratsa tsakanin kwamfutoci biyu, kuma ƙofa ɗaya take amfani da ita, ta 22. A ƙarshen 1999 masu manhajar OpenBSD suka fitar da OpenSSH, wadda kyauta ce, kuma ita ce ta fi yaɗuwa a duniya. SFTP hanya ce ta aika fayil a cikin wannan zaurancen na SSH. Ya kamata a lura cewa duk da kamannin suna, SFTP da FTPS ba abu ɗaya ba ne. FTPS tsohuwar FTP ce aka lulluɓe da zaurance, ta kuma taho da matsalar ƙofofinta. Wannan bincike ya zaɓi SFTP saboda ƙofarta ɗaya ce, ba a biyan kuɗin lasisi, kuma idan layi ya yanke ana tsakiyar aika fayil, akwai umarnin reput da zai ci gaba daga inda aka tsaya. Wanda ya taɓa neman sabis a ƙauyukan Ƙafur da damina ya san darajar wannan.

3.3 Inda Za a Ajiye Uwar Garke

Wannan tambaya ce da littattafan ƙasashen waje ba su cika tsayawa a kanta ba, amma a nan ita ce ta farko. Zaɓi biyu ne: a ajiye kwamfuta a ofishin ƙungiya a Funtuwa, ko a yi hayar wuri a wata cibiyar adana bayanai.

Ajiyewa a ofis yana da daɗin cewa kaya suna hannun mai su. Sai dai wuta ba ta da tabbas, dole a haɗa da batir da farantin sola, ga zafin bazara da ƙurar hunturu da suke kashe na'ura. Akwai kuma matsalar adireshi. Kamfanonin wayar hannu sukan haɗa masu amfani da yawa a ƙarƙashin adireshin intanet guda, ta yadda kwamfutar da take kan irin wannan layi tana iya fita neman abu, amma daga waje ba a iya samunta. Uwar garke kuwa dole a same ta daga waje, ke nan sai an sayi layi mai tsayayyen adireshi. Sannan tarihi ya nuna wani abu. A watan Satumba 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, aka shafe watanni kafin a buɗe. A wancan lokaci mutane sukan yi tafiya zuwa inda akwai sabis su yi waya su dawo. Da uwar garke tana cikin Funtuwa a kan layin waya, ko wanda ya fita zuwa Zariya ba zai iya kaiwa gare ta ba.

Saboda haka a ra'ayin mai wannan nazari hayar wuri ta fi dacewa da ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi, da sharaɗin cibiyar ta kasance a cikin Nijeriya, domin dokar 2023 ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan 'yan ƙasa zuwa waje. Duk inda aka zaɓa, bayanin da zai biyo baya bai sauya ba. An gina shi ne a kan babbar manhajar Ubuntu, amma ya yi daidai da Debian.

3.4 Ƙwado da Makulli

Uwar garken da aka buɗe wa duniya ba ta daɗewa kafin baƙin kwamfutoci su fara ƙwanƙwasa ƙofarta. Ba mutum ne yake zaune yana yi ba, manhajoji ne da suke zagaye adireshi bayan adireshi suna gwada sanannun sunaye da kalmomin sirri. Kalmar sirrin da mutanenmu suka fi so kuwa ita ce sunan ɗa, ko shekarar haihuwa, ko lambar waya, kuma sakatare yakan faɗa wa mataimakinsa ita ranar da zai tafi biki. Maganin wannan shi ne a soke shiga da kalmar sirri gaba ɗaya, a koma ga makulli.

Tushen wannan dabara yana cikin aikin Whitfield Diffie da Martin Hellman na 1976. Kwamfutar malamin gona takan ƙirƙiro lambobi biyu masu tsawo waɗanda suke da alaƙa ta lissafi. Ɗaya ana iya ba kowa, ita ce a nan aka kira "ƙwado". Ɗayar kuma ba ta barin kwamfutar mai ita, ita ce "makulli". Ana kai ƙwadon a maƙala a uwar garke. Duk lokacin da malamin ya zo shiga, sai kwamfutarsa ta sa hannu da makullin a kan wasu bayanai da suka keɓanta da wannan zaman kaɗai, ita kuma uwar garke ta auna sa hannun da ƙwadon da ke wurinta. Makullin kansa ba ya bin hanya ko sau ɗaya, kuma sa hannun yau ba ya aiki gobe. Wanda ya saci ƙwado bai saci komai ba, domin ba a iya gano makulli daga gare shi.

Ana ƙirƙirar su da umarni guda a kwamfutar mai shiga:

ssh-keygen -t ed25519

Wannan zai fitar da fayil biyu. Mai ƙarewa da .pub shi ne ƙwado, shi za a miƙa wa mai kula da uwar garke. Nau'in Ed25519 ya shigo OpenSSH a 2014, kuma ƙwadonsa layi ɗaya ne gajere. Tsohon nau'in DSA an kashe shi tun 2015, bai kamata a waiwaye shi ba. Na'ura za ta nemi a sa wa makullin kalmar sirri, kuma ya kamata a sa, domin in an sace kwamfutar a tasha, ɓarawon ya tarar da makullin a kulle. Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare, watau mai kula da uwar garke ya ƙirƙiro wa kowa makulli a tasa kwamfutar, sannan ya tura musu ta WhatsApp don sauƙi. Yin haka ya rushe aikin tun daga tushe, tun da makullin ya riga ya bi hanya, kuma mutum biyu ne suke riƙe da shi. Kowane malami ya ƙirƙiro nasa, kuma kowa da sunansa na shiga. Idan mutum biyar suna shiga da suna ɗaya, rajista ba za ta iya nuna wanda ya sauya fayil ba.

3.5 Umarnin da Ake Rubuta wa Uwar Garke

Bayan an saka manhajar openssh-server, halayenta duka suna cikin fayil mai suna sshd_config da ke /etc/ssh. A ƙaddara an buɗe rukuni biyu, "malamai" domin masu aiko da fayil, da "masukula" domin masu gyara na'ura. Ga layukan da za a rubuta:

PermitRootLogin no
PasswordAuthentication no
KbdInteractiveAuthentication no
AllowGroups malamai masukula
AuthorizedKeysFile /etc/ssh/kwado/%u
Subsystem sftp internal-sftp

Match Group malamai
ChrootDirectory /srv/sito/%u
ForceCommand internal-sftp -l INFO
AllowTcpForwarding no
X11Forwarding no

Layi na farko ya hana shiga kai tsaye da sunan root, watau babban mai iko wanda kowane ɓarawo ya san da shi. Na biyu da na uku sun toshe hanyoyin kalmar sirri. Na huɗu ya ce duk wanda ba ya cikin rukunan nan biyu kada ma a saurare shi. Na biyar ya kwashe ƙwaduna daga ɗakunan masu su ya tara a wuri guda a ƙarƙashin ikon mai kula, alamar %u kuwa tana tsayawa ne a madadin sunan mai shiga. Amfanin wannan shi ne malami ba zai iya ƙara wa abokinsa ƙwado a ɓoye ba. Fayilolin ƙwadon su kasance mallakar root, kowa yana iya karantawa amma shi kaɗai yake rubutawa.

Layukan da suka biyo bayan Match sun shafi malamai ne kaɗai. ForceCommand ya taƙaita su ga aika fayil da ɗauko shi, ba za su iya ba na'ura wani umarni ba, ƙarin da ke gabansa kuma ya sa a rubuta kowane fayil da aka buɗe ko aka goge ko aka sauya wa suna. Layuka biyun ƙarshe sun hana a mayar da uwar garke gada zuwa wata kwamfuta.

A Ubuntu akwai wani tarko da ya kamata a sani. Babban fayil ɗin yakan fara karanto wasu ƙananan fayiloli daga jakar sshd_config.d, kuma a OpenSSH umarnin da aka fara karantawa shi ne yake tsayawa. Wasu kamfanonin haya sukan ajiye fayil a wannan jaka wanda ya halatta kalmar sirri, sai mutum ya rubuta "no" a nasa wurin ya tafi hankali kwance alhali ƙofa a buɗe take. Umarnin sshd -T yana nuna abin da na'ura take bi a zahiri, shi kuma sshd -t yana duba ko akwai kuskuren rubutu. Haka kuma, kafin a rufe hanyar kalmar sirri, mai kula ya tabbatar makullinsa yana aiki, kuma kada ya rufe zaman da yake ciki sai ya gwada shiga ta wani sabo. In ba haka ba zai kulle kansa a waje.

3.6 Kowa da Sitonsa

Layin ChrootDirectory, wanda ya shigo OpenSSH a 2008, ya cancanci bayani na musamman. A kasuwar hatsi ta Ɗandume kowane ɗan kasuwa da sitonsa, kuma shigarsa kasuwa ba ta ba shi damar leƙa na maƙwabci. Wannan layi haka yake yi: malamin Bakori in ya shiga, jakarsa ita ce farkon duniya da ƙarshenta a wurinsa, ba ya ganin ta Ɗanja balle sauran sassan na'ura. Ke nan ko da an sace makullinsa, ɓarnar ta tsaya ga bayanan Bakori.

Sharaɗinsa shi ne ya fi rikita masu koyo. Dole jakar da aka killace mutum a ciki, da duk jakunkunan da suke sama da ita, su kasance mallakar root, kuma babu wani mai ikon rubutu a cikinsu. In aka saɓa wa wannan, uwar garke za ta karɓi makulli sannan ta katse zaman nan take, sai mutum ya yi ta zargin layin waya alhali dalilin yana rubuce a rajista. To, in malami ba ya iya rubutu a jakarsa, ina zai sa fayil? Amsa ita ce a buɗe masa ƙaramar jaka a ciki wadda take mallakarsa. Alal misali /srv/sito/bakori1 ta root ce, amma /srv/sito/bakori1/aike tasa ce. Yana da kyau a ƙara wata mai suna "karba" wadda ofis yake zuba sanarwa da fom, shi kuma karantawa kawai yake iya yi. Wani abin lura shi ne mutumin da aka killace ba ya kaiwa ga rajistar na'ura, saboda haka a kan Linux sai an tanadi mashigar /dev/log a cikin killacen kafin a samu cikakken rubutun abin da ya aikata.

3.7 Yadda Malami Zai Gane Uwar Garkensa

Duk bayanin da ya gabata a kan yadda uwar garke take tantance mai shiga ne. Akwai ɗaya ɓangaren. Mai tare hanya yana iya kafa tasa kwamfutar ta yi shigar uwar garke, malami ya zuba mata fayil da hannunsa. Domin hana wannan, ita ma uwar garke tana da nata makulli da ƙwado, kuma a karon farko da aka shiga, manhaja takan nuna wani gajeren rubutu mai farawa da SHA256, wanda a nan aka kira tambarin yatsa, ta tambaya ko an yarda. Yawancin mutane sukan danna amincewa ba tare da sun duba ba.

Hanyar da ta dace da yankinmu mai sauƙi ce. Mai kula ya fitar da tambarin da umarnin ssh-keygen -lf, ya buga a takarda, ya raba wa malamai hannu da hannu ranar taron ƙungiya. Kowa ya gwada harafi da harafi kafin ya amince. Daga nan manhajar, WinSCP ce ko FileZilla, za ta riƙe tambarin, kuma ranar da ya sauya za ta yi gargaɗi. Abin da za a koya wa malamai shi ne in sun ga wannan gargaɗi su dakata, su kira mai kula ta lambar da suka sani.

3.8 Gadi da Kulawa

Katangar tsaro ta ufw za a saita ta ta rufe kowace ƙofa ban da ta 22. Wasu sukan mayar da SSH wata ƙofa dabam. Wannan yana rage yawan masu ƙwanƙwasawa da cikar rajista, amma mai nema da gaske zai gano sabuwar cikin mintuna. Manhajar Fail2ban takan toshe adireshin da ya yi ta gwada shiga yana faɗuwa. A nan ma sai an yi la'akari da abin da aka faɗa a 3.3: tun da mutane da yawa sukan fito da adireshi guda, kuskuren malami ɗaya yana iya toshe wasu da suke kan layin kamfani ɗaya, saboda haka lokacin toshewa kada ya yi tsawo, musamman a makon rufe rajistar taki.

Sabunta manhaja wajibi ne. A 2023 wata kafa da aka gano a manhajar aika fayil ta MOVEit ta ba gungun ɓarayin Clop damar kwashe bayanai daga hukumomi da kamfanoni masu yawa a Amurka da Ingila da wasu ƙasashe, kuma waɗannan wurare ne masu ma'aikatan tsaro na musamman. Ita ma OpenSSH ba ta tsira ba, domin a watan Yuli 2024 an bayyana wata kafa a cikinta wadda aka toshe a siga ta 9.8. Ubuntu tana da tsarin unattended-upgrades mai saka gyaran tsaro da kansa, ya kamata a kunna shi tun ranar farko.

Ya kamata kuma a fahimci iyakar SFTP. Hanya take karewa. Da zarar fayil ya sauka, a fili yake zaune a kan faifai. Ana iya zaurance faifan da tsarin LUKS, sai dai shi yana neman kalmar sirri duk lokacin da na'ura ta tashi, wanda ga kwamfutar da take ofis yana nufin duk ɗaukewar wutar da ta cinye batir sai wani ya zo da ƙafarsa. Abin da ya fi sauƙi shi ne ofis ya riƙa kwashe fayiloli daga jakar "aike" kowace yamma zuwa ma'ajiyar da ba ta kan intanet, ya yi kwafi biyu a zaurance, ɗaya ya kwana a wani gini dabam. Lokaci lokaci a ɗauko kwafin a gwada buɗe shi.

Saura maganar mutane. Malaman gona ana yi musu canjin wurin aiki, ƙungiyoyi kuma sukan yi zaɓe, wani lokaci a rabu ba daɗi. Ranar da mutum ya bar aiki, ranar za a goge fayil ɗin ƙwadonsa daga /etc/ssh/kwado a cire shi daga rukuni, ba sai an roƙe shi ya dawo da komai ba. Masu kula su kasance biyu, kowa da makullinsa, domin kada rashin lafiyar mutum ɗaya ko tafiyarsa aikin Hajji ta tsayar da rajistar damina. A farkon kowace damina shugaban ƙungiya da masu kula su zauna da jerin ƙwadunan da suke maƙale, a kira suna ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ba a san mai shi ba a cire shi a wurin.